Motar Ruwan Gari da Direbanta

Lokacin da aka kawo ni Arlit daga Damagaram ina amarya, maigidana yana tuƙa manyan motocin kamfanin haƙar iraniyom, irin waɗanda tayarsu ta fi mutum tsayi. Mutumin Adar ne, dogo, marar yawan magana, amma idan ya yi dariya sai maƙwabta sun ji. Muna zaune a gidajen kamfani, ga famfo ga wuta, ni kuma ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko. Mun ɗauka haka rayuwa za ta ci gaba.

Sai farashin iraniyom ɗin ya faɗi a wasu kasuwanni da ba mu taɓa gani ba. Kamfani ya fara rage ma'aikata, aka sallame shi tare da abokansa da dama. Muka kwashe kayanmu muka koma bayan gari, unguwar da ake yin katanga da laka da fasassun tanuna, wato gangunan ƙarfe. Ya yi shekaru yana tuƙa wa ƴan kasuwa mota zuwa Assamakka. Wani lokaci a samu aiki, wani lokaci ya yi wata guda a zaune a ƙofar gida yana dafa shayi, saboda tawayen farko ya tare hanyoyi. A waɗannan shekarun na haifi yaranmu.

Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, gari ya samu magajin gari da majalisarsa, ma'aikatar magajin garin kuma ta samu wata tsohuwar motar ruwa, wadda kowa ke kira siterni. Aka nemi direban da ya san babbar mota, aka ɗauki maigidana. Motar ta tsufa ƙwarai, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, amma ya riƙe ta kamar sabuwa. Da safe kafin ya karya kumallo sai ya je ya dube ta.

Bayan wata shekarar yunwa da ta wahalar da mutane, magajin gari ya ce ba za a sake bari masifa ta same mu ba shiri ba. Ya kafa kwamitin ko-ta-kwana. Akwai masu unguwanni, da likita, da malamin dabbobi, da liman, da shugaban ƴan kasuwa, da wakilin sojoji, da dattawan Abzinawa masu wakiltar makiyaya. Matan unguwarmu suka ce ni zan wakilce su, don na yi karatu kuma ba na jin nauyin magana a gaban maza. Da na gaya wa maigida sai ya yi dariya ya ce ashe yanzu a gida da wajen aiki duka ni ce shugabarsa.

Aikin kwamitin ba shi da wani armashi. Mukan zauna a rumfar ma'aikata, zafi yana dukanmu, mu yi ta tunanin abin da zai iya samun gari: gobara a kasuwa, ambaliya idan kwari ya kawo ruwa daga duwatsu, amai da gudawa, ƙyanda, fari, lalacewar injin famfo. Kowanne sai mu tsaya a kai, mu ce idan ya faru wa zai fara sani, wa zai gaya wa wa, ina za a kai mutane. Muka ware filin bayan lakwal don saukar da waɗanda masifa ta raba da gidajensu. Aka ajiye hatsi da dussar dabbobi a wani ɗaki. Aka zuba yashi a bokitai aka jera a layukan kasuwa. Aka kuma yanke shawara biyu da suka shafi gidanmu kai tsaye: siterni ba za ta taɓa kwana babu ruwa a cikinta ba, kuma za a ajiye tanon gazuwal, man motar, na musamman wanda ba a taɓawa sai ranar larura. Makullin ɗakin tanon a wuyan maigidana yake rataye.

Wata safiya muka yi gwaji a kasuwa. Aka busa usur, aka ce a ɗauka wuta ta tashi a layin madinka. Mahauta suka tsaya suna dariya, wata mai fura ta tambaye ni ko albashin namu na wasan yara ne. Na ji kunya ranar, na dawo gida ina cewa zan bar kwamitin. Maigida ya ce a kamfani ma haka ake yi musu dariya idan sun yi gwaji a ramin haƙa, in yi haƙuri. Ba a daɗe ba wutar gaske ta tashi, ba a layin madinka ba, a wajen masu sayar da katifa. Mutane suka ruga ga bokitan yashi ba tare da an ce musu ba, siterni ta iso kafin wutar ta tsallaka layi na gaba. Ya dawo gida girarsa a ƙone, yana warin hayaƙi, yana ta ba yara labari. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Sai tawaye ya dawo. Wannan karon da nakiyoyi ya zo, waɗanda ake binnewa a hanya. Aka kafa dokar ta-ɓaci. Mota ba ta fita gari sai da rakiyar soja, rakiyar kuma babbar hanyar Agadez kawai take bi. Mutanen da suka yi shekaru suna shan shayi tare suka fara rage murya idan wani ya shigo. A kwamiti ma dattawan Abzinawa suka koma yin shiru, don duk abin da suka faɗa game da daji ana iya tambayarsu yadda aka yi suka sani. Magajin gari ya yi ƙoƙari ya riƙe mu tare. Yakan ce a rumfar nan ba ruwanmu da wanda ya ɗauki bindiga, ruwanmu da wanda ƙishirwa za ta kashe.

A kan wannan kuma damina ta ƙi. Ciyawa ba ta fito ba, rijiyoyin daji suka ja baya. Makiyaya ba su iya kora dabbobinsu inda suka saba ba saboda tsoron hanya.

Wata rana da hantsi ina cikin aji aka aiko a kira ni taron gaggawa. Wani makiyayi ne ya iso gari a kan raƙumi, magidanci mai furfura a gemu, ya kawo ƙanwarsa da jaririnta wajen likita. Ya ce rijiyarsu ta rufta, ta kusa da ita kuma ta ƙafe. Akwai gidaje da yawa a wurin, mata da yara da tsofaffi, dabbobin da za su ɗauke su kuma sun rame, ba su iya tafiya. Ruwan da ya rage a salkunansu ba zai kai su ko'ina ba. Wurin tafiyar ƴan sa'o'i ne a mota, nesa da babbar hanya.

Kafin in shiga taron na biya ta wajen likita na ga matar. Leɓunanta sun tsage, nononta ya ƙafe, jaririn yana buɗe baki kamar zai yi kuka amma sauti ba ya fita.

A rumfa an daɗe ana magana. Wakilin sojoji ya ce ba shi da mutanen da zai fitar daga babbar hanya, amma idan kwamiti ya yanke shawarar aika mota zai ba da takardar izini. Shugaban ƴan kasuwa ya ce idan siterni ta salwanta gari ya zauna babu abin kashe gobara. Malamin dabbobi ya ce a aika raƙuma da ruwa, aka duba aka ga raƙuman gari ma ba su da ƙarfi, abin da za su ɗauka kuma ba zai ishi kowa ba. Magajin gari ya juyo ya tambaye ni abin da na gani wajen likita. Na faɗa masa yadda na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Ina magana ina ganin maigidana a tsaye a bakin rumfa, don shi ba ɗan kwamiti ba ne, ba ya zama.

Magajin gari ya ce tsarin da muka yi da kanmu ya ce idan ruwa ya yanke wa jama'a siterni za ta je, amma lokacin da muka yi tsarin babu nakiya a ƙasa, saboda haka shi ba zai umarci kowa ya tuƙa ba. Sai maigidana ya matso ya ce, “Ranka ya daɗe, ai don rana irin wagga munka aje gazuwal. Mota cike take tun jiya.”

Da muka koma gida ban yi masa magana ba. Na ajiye masa abinci na koma gefe ina tsintar shinkafa. Ya ci ya wanke hannu, ya zo ya tsuguna kusa da ni.

“Malama, fushi kike yi?”

Na ce masa yana da yara, ya tuna da su.

Ya ce, “Ke kin faɗi abin da kinka gani. Ni ma abin da ni iya ne na faɗi.”

Na ce da na san haka zai yi da ban buɗe baki ba. Ya ce ƙarya nake yi, ya san ni, da sai na faɗa. Gaskiyarsa ce. Na ci gaba da tsintar shinkafata, shi kuma ya tashi ya tafi duba taya.

Ba a tura shi haka kawai ba. Kwamiti ya yi duk abin da ya iya. Dattawa suka aika saƙo daji ta hanyoyinsu cewa motar ruwa ce, ba ta ɗauke da soja ko makami. Aka ɗaura farin ƙyalle a samanta. Aka jera buhunan yashi a ƙasan wurin zaman direba. Aka ce ba zai bi hanyar da motoci suka saba bi ba, zai bi ta cikin kwari inda sawun raƙuma yake, makiyayin nan kuma zai zauna kusa da shi yana nuna masa. Zai fita bayan gari ya waye sarai, ya dawo kafin rana ta faɗi.

Ya je ya dawo lafiya. Ya sake zuwa ya dawo. Duk bayan ƴan kwanaki sai ya cika mota ya tafi, a dawowa kuma ya ɗauko waɗanda suka fi galabaita a saman tankin, an ɗaure musu igiya su riƙe. Ni nake tarbarsu a filin bayan lakwal tare da matan unguwa, mu ba su kunu, mu kai marasa lafiya wajen likita. Jaririn nan na farko bai rayu ba, amma uwarsa ta tashi, har ta zama ita ke yi mana tafinta. Maigida yakan dawo da cuku da aka ba shi kyauta, duk da mutanen ba su da abin da za su ci. Ya ce ya ƙi karɓa suka ji haushi, dole ya karɓa. Ya koyi gaisuwa da Tamajak, yana zuwa gida yana gwadawa a kan yara suna yi masa dariya. A hankali tsorona ya ragu. Har na daina tsayawa a ƙofar gida da la'asar ina sauraren ƙarar injin.

Ranar ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Na makara zuwa lakwal, ina neman takalmin ƙaramar ƴarmu, shi yana ɗaura rawani. Ya ce idan ya dawo zai gyara ƙofar madafa da ta karye. Na ce ya daɗe yana faɗa. Ya yi dariya ya fita.

La'asar ta yi bai dawo ba. Na ce ko taya ce ta fashe, don ta taɓa yi masa haka. Rana ta kusa faɗuwa ina kwashe shanya sai na ji sallama. Magajin gari ne da kansa, da mai unguwarmu, da liman. Magajin gari bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya tsaya a tsakar gida yana duban ƙasa. Liman ne ya ce, “Malama, sai haƙuri. Allah ya yi masa cikawa.”

Na tuna na ninke zanen da ke hannuna na ajiye a kan igiya da kyau kafin in zauna a ƙasa.

A hanyar dawowa ne, bayan ya sauke ruwan. Wuri ne da ya sha bi. Tayar gaba ta ɓangarensa ce ta taka. Waɗanda ke saman tankin suka watse cikin yashi, wani tsoho a cikinsu ya rasu, sauran suka ji raunuka. Makiyayin ya rasa ƙafa ɗaya. Ba wanda ya ce shi ya binne nakiyar, har yau kuma ban san ko wane ne ba. Sojoji suka je suka kwaso su, aka yi masa sutura da safe. Mutanen da suka bi gawarsa sun yi yawa, aka ce har mahauta sun rufe rumfunansu.

Na shiga takaba. Daga cikin ɗaki nake jin labarin abin da ya biyo baya. Mutanen rijiyar suka ga babu motar da za ta sake zuwa, suka bar dabbobinsu suka taho da ƙafa, da ruwan da ya kai musu a tafiyarsa ta ƙarshe. Yawancinsu sun iso. Filin bayan lakwal ya cika, aka buɗe ɗakin hatsi, matan unguwa suka ci gaba da dama kunu ba tare da ni ba. Duk abin da muka tsara a rumfa ya yi aiki yadda muka tsara shi. Ina jin hayaniyarsu daga tsakar gidana, wani lokaci in gode wa Allah, wani lokaci in toshe kunnuwana.

Kafin in fita takaba makiyayin ya zo, yana dogara sanduna, ƙanwarsa tana biye da shi. Ya zauna a zaure, ni ina daga bayan labule. Da ya yi magana, da Hausarsa ta mutanen Abzin, cewa ya yi, “Ni na nuna hanya. Mota ya bi inda na ce.” Yana so in yafe masa. Na ce masa babu abin yafewa tsakaninmu, hanyar da ya nuna ita ce ta kai ruwa sau da yawa. Na tambaye shi ko maigidana ya sha wahala. Ya ce a'a. Ya ce hira suke yi a kan awaki, maigidana yana cewa idan damina ta yi kyau zai sayi akuya biyu ya ba shi kiwo, yana cikin maganar abin ya faru. Ban san ko gaskiya ya faɗa mini ko tausayina ya ji ba. Na karɓa a haka.

Ƴan'uwana suka zo daga Damagaram suka ce in tattara yara mu koma gida. Na ce sai yara sun gama karatu. Gaskiyar ita ce ban iya barin garin da kabarinsa yake ba.

Bayan takaba na koma rumfa. Da na shigo kowa ya miƙe, aka yi addu'a, sannan aka rasa ta inda za a fara, don abin da ke gabanmu shi ne yadda za a kashe gobara a garin da ba shi da siterni. Ba wanda yake son ambatar motar a gabana. Ni na ambace ta. Na ce a tara masu tura ruwa a kura da masu jakuna, a raba musu unguwanni, kowa ya san inda zai nufa idan ya ji usur. Aka amince. Na koma na zauna.

Da taro ya kusa tashi magajin gari ya ce akwai abin da ba mu taɓa tsarawa ba. Ya ce mun tsara wanda zai busa usur da wanda zai buɗe ɗakin hatsi, amma ba mu tsara wanda zai je ya gaya wa iyali ba, kuma ranar da ya tsaya a tsakar gidana ya ga bai san yadda ake yi ba. Ya ce ya kamata a samu mace a cikin masu zuwa, don maza sukan faɗi maganar su fita, su bar matar ita kaɗai a tsaye. Bai dube ni ba da yake faɗa. Na ce zan yi.

Na yi wannan aikin shekaru. Na shiga gidajen direbobi, da gidajen waɗanda rami ya rufta da su a wurin haƙar zinariya, da gidan wata mata a Akokan da kwari ya tafi da ɗanta ranar da aka yi ruwan da aka daɗe ana roƙo. Ba na yin dogon bayani. Liman yakan faɗa, maza su fita, ni in zauna. In sauke tukunyar da ke kan wuta, in aika a kira ƴan'uwanta, in riƙe ta idan tana son a riƙe ta. Wasu sukan tambaye ni yaushe zafin yake raguwa. Nakan ce musu yana canza kama, ban taɓa ce wa kowa yana wucewa ba.

An yi sulhu daga baya, hanyoyi suka buɗe, aka samo wata siterni da wani direba. Babban ɗanmu ya girma ya zama direba shi ma, duk da na yi ta roƙonsa ya nemi wata sana'a. Yana kai kaya Tchibarakaten wajen masu haƙar zinariya. Wata rana ya dawo daga tafiya, yana cin abinci, ya ce mini ya ratse ya je wurin da motar babansa ta taka nakiya. Ya ce tankin yana nan a kwance, yashi ya rufe rabinsa, matafiya kan huta a inuwarsa da rana. Ya ɗauki hoto a wayarsa, ya tambaye ni ko ina son gani. Na ce a'a, ya bari tukuna. Ya mayar da wayar aljihu, na ƙara masa miya.